Rijiyar Malam Zailani da 'Yar da Ta Rufe Ta

Shekara goma sha bakwai na yi ina riƙe wa Dakta Zubaidatu tire da allura a wani ƙaramin asibiti da ke bayan kasuwar Samaru, don haka in ana labarinta ba sai an koya mini ba. Sunana Ƙauna, nas ce ni, yanzu na yi ritaya ina kiwon kaji a Jama'a. Mutane suna cewa mace ce mai taurin kai. Ni da na zauna da ita na san ba taurin kai kaɗai ba ne, har da wani irin naci mai sa mutum ya ji kamar ya ajiye aikin ya kama gabansa.

Tana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci mini rai. Duk wanda ya shigo ɗakinta, ko ciwon haƙori ne ya kawo shi, sai ta tambaye shi, "Ina kuke ɗibar ruwa?" Sannan ta rubuta amsar da jan biro a kusurwar katinsa. Wata rana wani ɗalibin jami'a ya zo da targaɗe, ta yi masa tambayar nan. Ya dube ta ya ce, "Dakta, ƙwallo ce fa ta kayar da ni, ba ruwa ba." Ko murmushi ba ta yi ba, ta tsaya da bironta har sai da ya faɗa. Ni kuwa layi ya cika a waje, mata na harara ta kamar ni na riƙe su.

Na sha ce mata, "Dakta, wannan jan rubutun wa zai karanta?" Sai ta ce wata rana za a karanta. Ban san ni ce zan fara karanta shi ba, kuma da na sani da ban yi mata tsiya ba.

Wata damina ta duba wani yaro sau uku cikin wata biyu, kullum gudawa. A zuwa na ukun, da uwarsa ta goya shi ta fita, sai Dakta ta ajiye abin auna ƙirji a kan tebur ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Ƙauna, aikinmu fa wanke yaro muke yi mu mayar da shi cikin kwata. Ina warkar da ɗaya a ɗakin nan, a waje ana haɗa mini goma." Na ce to ai shi ne aikin. Ta ce ita ta gaji da tsayawa a ƙarshen layi, tana so ta je inda layin yake farawa.

Bayan wata uku na ga hotonta a jikin bango, wai tana neman kansila a Jushi, unguwarsu. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ɓoye mata ba. Na ce mutum ya yi shekara da shekaru yana karatu, Allah ya sa masa albarka a hannu, sannan ya je yana rabon atamfa da hula? Na yi kwana huɗu ba na ce mata komai sai abin da aiki ya tilasta. Gaskiyar magana kishi ne da tsoro, don na san in ta tafi ba zan ƙara samun likita irinta ba.

Kamfen ɗinta abin dariya ne. Ba ta iya zuga ba, ba ta iya alkawari ba. A ba ta lasifika sai ta hau tambayar jama'a ina suke ɗibar ruwa, 'yan jam'iyyarta na dafe kai a bayanta. Amma matan da ta karɓi haihuwarsu sun fi a ƙirga, Musulmi da Kirista, su ne suka fito suka yi layi cikin rana. Ta ci. Da ciyaman ya ga yana da likita a hannu, sai ya ɗora mata kula da sashen lafiya na ƙaramar hukumar gaba ɗaya.

Ofis ya sauya ta, ban ce bai sauya ta ba. Warin asibiti ya bar jikinta, ta koyi zama a taro awa uku ana maimaita magana ɗaya, ta koyi cewa "za mu duba". Amma takarda ta farko da ta sa wa hannu ita ce umarni ga kowane asibiti da ke ƙarƙashinta, babba da ƙarami, cewa a riƙa rubuta wurin ɗibar ruwa a kusurwar kati da jan biro. Nas-nas suka yi ta ƙunƙuni. Ni dai dariya na yi, na ce yanzu kowa zai ɗanɗana abin da na sha.

A nan dole in kawo mahaifiyarta, Hajiya Ummukulthum, don ba za a gane sauran labarin ba sai da ita. Mijinta Malam Zailani ma'aikacin reluwe ne, ya rasu Zubaidatu tana da shekara goma sha huɗu. Da Hajiya ta fita takaba sai ta sayar da awarwaronta da tasoshinta na aure, ta sa aka haƙa rijiya a ƙofar gidansu a Jushi, a waje, inda kowa zai iya ja. Sadaka ce ga mamacin. Imaninta shi ne duk gugan da aka ja, ladan na tafiya kabarinsa. Rijiyar kuwa ta yi albarka, ruwanta garau, mai daɗi, ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa. Ba a tambayar addininka ko garinku. Ni kaina na sha ruwanta ina yarinya, muna dawowa daga coci. 'Yan garuwa suna cika jarkokinsu a can su tura har masu abinci a kasuwar Sabon Gari. Kowa ya san ta da rijiyar Malam.

Zubaidatu ce 'yar fari, Hajiya kuwa irin matan da ne masu alkunya. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta mata magana kai tsaye in da mutane. Sai dai ta ce "waccan", ko "mutuniyarku". Wanda bai sani ba zai ɗauka ba ta damu da ita ba. Amma kowace Juma'a da hantsi sai an kawo fulas ɗin kunun tsamiya asibiti daga Jushi, ba saƙo, ba komai. Da aka koma ofis fulas ɗin ya bi ta can. Wannan fulas shi ne duk maganar da ke tsakaninsu, kuma ya ishe su.

A damina ta biyu da hawanta, amai da gudawa ya ɓarke. Cikin mako guda gadajenmu suka cika, muka shimfiɗa tabarmi a baranda muna rataya ƙarin ruwa a ƙusar bango. Ranar Talata da rana na zauna zan haɗa mata rahoton mako, na jera katuna ashirin da uku a kan tebur. Jan rubutun nan da na raina shi ya tsaya yana kallona. Goma sha shida sun ce rijiyar Malam, ko kuma garuwar da aka ɗebo daga can.

Na tattara katunan na zuba a jakata. Ban kai mata ba ranar. Na ce wa kaina bari in ƙara gani, wataƙila dace ne. Washegari da safe Ukachi ta shigo da gudu da 'yarta Sarah a kafaɗa. Ukachi mai sayar da abinci ce, haifaffiyar Jushi, Hausarta ta fi tawa, gidansu na kallon rijiyar. Yarinyar shekararta huɗu, idanunta sun faɗa, fatarta in ka ja ba ta komawa. Mun nemi jijiya mun rasa, kafin azahar yarinyar ta cika. Ban san ko kwana ɗayan da na riƙe katunan zai cece ta ba. Likitoci sun ce da wuya. Amma har yau ina roƙon Ubangiji gafara a kan wannan kwana ɗayan.

Da la'asar na hau Keke Napep na je ofishinta na zube mata katunan. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ba rubutun da ita ta ƙirƙiro ba. Da ta gama ta sake farawa. Sannan ta kira duba-gari ta ce a ɗebo ruwan a kai gwaji, a kuma zagaya bayan katangar gidansu. Abin da aka samu bai da wuyar ganewa. An gina gidan haya a bayan gidan shekara uku da suka wuce, an haƙa masai taku kaɗan daga rijiyar. Ruwan sama ya cika ƙasa, komai ya haɗe ta ƙarƙashi. An zuba magani, bayan kwana biyu gwaji ya dawo yadda yake. Ko an cike masan, ƙasar wurin ta riga ta sha.

Ta ce in raka ta gida. Na san dalili: Hajiya ba za ta yi mata magana kai tsaye ba, dole a samu wanda za a bi ta kansa. Muka same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Dakta ta durƙusa nesa kaɗan, ta yi bayani dalla-dalla, da murya ƙasa ƙasa. Hajiya ba ta ɗaga kai daga faranti ba har aka gama. Sannan ta dube ni.

"Ƙauna, 'yata, tambayi mutuniyarki. Ruwan da ta sha ta girma har ta zama likita, na ina ne?"

"Hajiya, na rijiyar ne," na ce. "Amma a da babu gidan baya."

"Shekara talatin da biyu ana ja. Kowane guga haske ne a kabarinsa. Shi bai bar gona ba, bai bar gida ba sai wannan. Abin da nake aika masa ke nan. Yanzu don an ba ta kujera sai ta fara da ubanta?"

Dakta ta ce, "Inna, yara na mutuwa. 'Yar Ukachi ta rasu ranar Laraba."

Hannun Hajiya ya tsaya a cikin shinkafar, don ita ta yi wa yarinyar wankan farko. Amma ta ce, har yanzu ni take kallo, "Kwana ne ya ƙare. Gaya mata, in ta rufe rijiyan nan, ta rufe abin da ke tsakanina da ita. Ban yafe ba."

Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai san nauyin wannan kalmar ba. Ni Kirista ce, amma da na ji ta sai da na tsorata. A mota na ga Dakta ta riƙe sitiyari da hannu biyu kamar mai koyon tuƙi.

Masu ba da shawara ba su yi ƙaranci ba. Dattawan jam'iyya suka ce ta bari damina ta wuce, zaɓe na tafe, mutanen Jushi ba za su manta ba. Wani ya ce ta ci gaba da zuba magani a ce ana aiki. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ba ta tawa dabarar. Na ce ta tura duba-gari su yi, ita ta tafi taro Kaduna ranar, in ta dawo ta ce daga sama umarnin ya zo. Ta dube ni ta ce, "Ƙauna, sa hannuna ne a takardar. In Inna za ta yi fushi, gara ta yi da wadda ta yi abin, ba da ƙarya ba."

Ranar Asabar da safe ta zo da kanta, da duba-gari biyu da Bernard mai walda. Mata na tsaye da bokitai. Ta yi musu bayani, ta ce tankar ruwa za ta riƙa zuwa har a haƙa burtsatse. Ba wanda ya saurara. Wani tsoho ya ɗaga murya ya ce, "Ga 'yar da ta toshe wa ubanta lada!" Wata ta ce ai boko ne ya yi mata yawa. Ukachi kaɗai ta zo ta tsaya kusa da ita, idanunta a kumbure.

Kafin Bernard ya ɗora murfin ƙarfen sai Hajiya ta fito daga zaure. Ta taka a hankali har bakin rijiyar, ta kwance igiya daga jikin itacen, ta naɗe ta a hannu, ta ɗauki gugan, ta koma ciki. Ba ta kalli kowa ba. Dakta ta tsaya har aka gama walda, tartsatsin wuta na tashi, ita kuma hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. Shekara goma sha bakwai ina tare da ita a kan gawa da jini, ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar.

Cikin kwana goma ciwon ya lafa. Kuna tsammani an gode mata? Aka ce ai ruwan sama ne ya ɗauke. Tankar kuma wata rana ta zo, wata rana ta lalace a hanya, mata suka sha wuya sosai, kuma kowace wuya sunanta ake kira. Sai bayan wata takwas aka samu burtsatse a gefen makarantar firamare. Da zaɓe ya zo ta sha kaye a akwatin ƙofar gidansu. Na ji haushi har na kasa cin abinci, na ce mutanen nan ba su cancance ta ba. Ita kuwa ta ce ba laifinsu ba ne, wanda ya sha wuyar ɗaukar ruwa ya san abin da ya ɗauka, wanda ɗansa bai mutu ba bai san an yi masa komai ba.

Na ɗauka za ta dawo Samaru, har na sa an goge teburinta. Ba ta dawo ba. Wata hukumar lafiya ta jiha ta ɗauke ta, tana yawo ƙauyuka tana duba rijiyoyi da masai, tana faɗa da masu gini. Na ce mata hannun da ke gano jijiya a jikin jariri ya koma leƙa shadda. Ta ce nan ne layin ya fara.

Kayen zaɓe bai dame ta ba. Fulas ɗin ne. Tun Juma'ar da ta biyo bayan walda bai ƙara zuwa ba. Mutanen waje ba su lura da komai ba, tunda dama Hajiya ba ta mata magana a gabansu. Ni na sani. Kowace Juma'a Dakta za ta je Jushi ta durƙusa a ƙofar ɗakin ta yi gaisuwa, labule a sake, ba amsa. Ta ɗan jima ta tashi. Hajiya kuma ta yi rantsuwa ba za ta sa ruwan burtsatse a bakinta ba, daga gidan ƙanwarta a Tudun Wada ake kawo mata na sha a jarka. Haka aka yi shekara uku.

A ƙarshen damina ta uku jikin Hajiya ya yi rauni, ƙafafunta suka kumbura, numfashi na mata wuya. Ta aiko a kira ni. Na same ta kwance bayan la'asar, gugan nan na rataye a bango a saman gadonta, robarsa duk ta tsage. Na auna ta, na ga abin da na gani. Ta ce, "Kira waccan."

Dakta ta iso cikin awa ɗaya, takalminta duk laka. Ta durƙusa a bakin ƙofa yadda ta saba. Hajiya ta ce mini, "Tambaye ta. Tun da ta rufe, yara nawa ta tsirar?"

Dakta ta ce, "Ban sani ba, Inna. Wanda bai yi ciwo ba ba ya zuwa asibiti, ba shi da kati. Ba ni da abin da zan nuna miki."

"Ni ina da shi," in ji Hajiya. Ta nuna mini akwatinta ta ce in buɗe. A sama akwai wani baƙin mayafi a ninke. "Da shi nake zuwa gaisuwan mutuwa. Shekarun baya, tun da aka yi ginin nan, kowace damina sai na yafa shi sau huɗu, sau biyar, duk na yara, duk a layin nan. Ina cewa kwana ne. Damina uku ke nan ban ɗauko shi don yaro ba. Ina zaune a zaure ina kallonsu suna wucewa makaranta. Na ƙirga."

Ta huta, ta jawo numfashi. Sannan ta juya kanta daga gare ni, abin da ban taɓa gani ba, ta kalli 'yarta ido cikin ido.

"Abu biyu suka rage mini nasa, rijiya da ke. Ni na riƙe rijiya." Ta miƙa hannu. "Zubaidatu. Matso."

Shekararta kusan hamsin, ranar ta fara jin sunanta a bakin uwarta. Ta rarrafo kamar ƙaramar yarinya ta kifa kanta a gefen katifa. Hajiya ta ɗora mata hannu a ka ta ce ta yafe, duniya da lahira, ita ma a yafe mata, kuma gobe a kira mata Ukachi don akwai maganar da ta daɗe ba ta yi mata ba. Ni na juya ina gyara jakata, don nas ba ta kuka a gaban majiyyaci.

Can sai Hajiya ta ce tana jin ƙishi. Na miƙe zan zuba daga jarkar Tudun Wada, ta girgiza kai. Ta ce na randar tsakar gida take so, wanda yara ke ɗebowa daga makaranta. Zubaidatu ta fita da kanta ta cika moɗa, ta tallafo kan uwarta ta ba ta. Hajiya ta kurɓa, ta riƙe shi a baki, ta haɗiye, ta yatsine fuska.

"Bai kai na babanki daɗi ba," ta ce. "Ƙaro mini."